Wata bakwai ina nemo wa kamfanoni ma'aikata, yau mutumina bai je ba

Sabuwar Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a wannan aiki su tanka mini, don yau hankalina ba a kwance yake ba. Wata na bakwai ke nan a wani kamfanin samar da ma'aikata. Akwai wani akanta da na yi sati biyar ina bin zancensa. Na tsamo shi daga cikin CV fiye da ɗari, ya yi intabiyu sau uku, kamfanin da ke nema suka ba shi takardar tayi, ya sa hannu. Yau Litinin ya kamata ya fara. Ƙarfe tara da rabi manajar can ta kira ni, ta ce ga kwamfuta an haɗa masa, ga katin shiga da sunansa a kan tebur, mutum shiru. Na kira shi sau shida ba a ɗauka ba. Can da rana sai ga saƙo layi biyu: tsohon wurin aikinsa sun ƙara masa albashi, zai zauna, in yi haƙuri. Ranar Juma'a aka rubuta sunansa a allon ofishinmu aka tafa mini, yau ni na tashi na goge shi da hannuna kowa yana kallo. Don Allah haka aikin yake, ko ni ce ban iya ba?

Dattijon Tebur: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri. Shekarata 14 a kan wannan tebur, kuma har yau in Litinin ta zo ina da wanda zai fara aiki, ba na samun natsuwa sai an ce mini ya zauna a kujerarsa. Haka aikin yake. Amma bari in tambaye ki abu ɗaya: tun ranar farko kin tambaye shi me zai yi in ogansa ya ƙara masa kuɗi don kada ya tafi?

Sabuwar Hannu: Ban tambaya ba Yaya. Ya ce mini ya gaji da wurin, na ɗauka magana ta ƙare.

Dattijon Tebur: To nan gizo yake saƙar. "Na gaji" ba dalili ba ne, sai kin tona abin da ya gajiyar da shi. In kuɗi ne kawai, ki sani kina hawa ne a kan reshen da zai iya karyewa, domin ranar da ya miƙa takardar ajiye aiki ogansa zai yi lissafi ya ga ƙara masa ya fi sauƙi a kan neman wani a koya masa aiki daga farko. In kuwa abin da ya dame shi shugaban da ba ya ganin darajarsa ne, ko nisan hanya, ko shekara biyar ba ƙarin girma, kuɗi ba ya goge wannan. Ni sau uku nake yin tambayar: ranar da muka fara magana, bayan intabiyu na ƙarshe, da daren da zai miƙa takarda. Har ina ce masa, gobe oganka zai kira ka ofis, zai ce ai dama muna shirin ƙara maka, me za ka ce masa? In ya yi shiru ya fi ƙarfin numfashi biyu, na san in ajiye wani a gefe. Sannan tsakanin sa hannu da ranar farawa ba a sakin mutum. Waɗannan makonnin sun fi kowane lokaci haɗari. Kowane ɗan kasuwa kayansa suna zaune inda ya ajiye su, mu namu kayan suna da baki, suna da iyali, suna kwana su canja shawara.

Ɗalibin Shari'a: Ranka ya daɗe, na ƙaru da bayaninka, sai dai kalmar "kaya" ta tsaya mini a wuya. A 1944 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zauna a Filadelfiya ta Amurka ta fitar da sanarwa, kuma abu na farko da ta kafa a ciki shi ne cewa ƙwadago ba hajar sayarwa ba ne. Ba don ado aka rubuta ba. An daɗe ana kallon masu wannan sana'a da zargi saboda yadda wasu suka riƙa tatsar masu neman aiki, har yarjejeniyar ILO ta 1933 ta nemi a soke ofisoshin da ke karɓar kuɗi don riba gaba ɗaya. Sai a 1997, da yarjejeniya mai lamba 181, aka karɓe ku sosai a matsayin sana'a, bisa sharuɗɗa.

Dattijon Tebur: Na karɓi gyara Malam. Abin da nake nufi shi ne mutum ba ya ajiyuwa. Amma ka yi gaskiya, harshen da muke amfani da shi a ofis yana lalata mana ido. In ka yini kana cewa "na tura uku, na rufe ɗaya", sai ka manta ukun nan kowannensu ya kwana yana duba waya.

Ɗan Jira: Madalla da ka faɗa da bakinka. Ni ɗaya ne daga cikin masu kwana suna duba wayar. Baiwar Allah, ki yi haƙuri da abin da zan ce, amma abin da aka yi miki yau shi kuke yi mana kullum. Bara wani a irin kamfaninku ya kira ni, murya kamar ɗan uwana na jini, ya ce ni ake nema. Na nemi hutun kwana ɗaya a inda nake, na je intabiyu, na dawo na kira shi na ba shi labari. Ya ce zuwa Laraba zan ji. Yau wata tara. Na tura saƙo huɗu, ina ganin alamar ya karanta. Ke mutum ɗaya ya yi miki shiru na rabin yini har kin zo nan, shi ma ya turo saƙo daga baya. Mu ko layi biyun ba ma samu.

Anti Mai Haƙuri: Ɗana, maganarka tana da ɗaci amma ba ƙarya a ciki. Na yi shekara shida a kamfanin samar da ma'aikata kafin in koma sashen ma'aikata na wani wuri, don haka na ga abin ta fuska biyu. Bari in gaya maka abin da ke faruwa a bayan labule, ba don in wanke kowa ba. Sau da yawa shi ma wanda ya kira ka bai ji komai ba. Ya tura imel, ya kira, manajan da ya yi maka intabiyu ya tafi hutu, ko an dakatar da kasafin kujerar, ko sun ɗauki ɗan cikin gida ba su faɗa ba. Sai ya riƙa cewa bari in jira in sami amsa takamaimai kafin in kira shi. Sati ya zama wata, kunya ta shigo, kiran ya yi nauyi. Ga shi kuma ba a auna shi da wannan kiran. A allon ofis ana ƙirga yawan wayar da ka buga, CV nawa ka tura, intabiyu nawa ka haɗa, mutum nawa suka fara aiki. Babu layin da aka rubuta "mutum nawa ka gaya wa ba a ɗauke su ba". Duk da haka laifi ne. Minti biyu ne a ce, har yanzu ban ji ba, zan sake kiranka Juma'a ko da ba labari.

Ɗan Jira: To Anti, in ba a auna shi da ni ba, wa yake yi wa aiki? Don ni ya ce mini yana gefena.

Dattijon Tebur: Zan ba ka amsa ba ɓoye-ɓoye. Wanda yake biya shi ne kamfanin da ke neman ma'aikaci. In aikin dindindin ne, galibi muna karɓar kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, daga aljihun kamfanin, ba daga albashinka ba. Mafi yawan irin wannan yarjejeniya kuma sai an ɗauka ake biya. Kamfani ɗaya zai ba mu kujera, ya ba wasu uku irinmu, duk wanda mutuminsa ya shiga shi ya ci, sauran sun yi aikin banza. Manyan kujeru ne kawai ake biyan wani kaso tun farko, a can la'adar takan kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan haka akwai wa'adin garanti, sau da yawa kamar wata uku: in mutum ya bar aikin a cikinsa, ko mu kawo wani kyauta ko mu mayar da wani ɓangare na kuɗin, kuma kamashon da aka ba ni a cire shi daga na gaba. Saboda haka mu ba ofishin nema wa mutane aiki ba ne, ofishin nema wa aiki mutane ne. Wanda ya ce maka yana gefenka ɗari bisa ɗari bai gaya maka gaskiya ba. Abin da zai iya yi maka alkawari shi ne ba zai yi maka ƙarya ba, kuma ba zai tura takardarka ko'ina ba sai da saninka.

Ɗalibin Shari'a: A ƙara da wannan don masu neman aiki da ke karantawa: sashe na 7 na yarjejeniya 181 ya ce kada kamfanin samar da ma'aikata ya ɗora wa ma'aikaci kuɗi, kai tsaye ko a fakaice, sai 'yan keɓantattun wurare da hukuma ta amince. Ingila ma tun dokarta ta 1973 ta hana. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ko kuɗin rijista kafin ya haɗa ka da aiki, ka tsaya ka yi bincike sosai.

Manajan Sito: Ni ina ɗaya ɓangaren, ni ne mai biya. Ina ɗaukar direbobin injin ɗaga kaya da masu lissafin kaya ta hannun irin waɗannan kamfanoni. Ƙorafina guda ne: na ce ina son mai lasisin injin da zai iya aikin dare, sai a turo mini CV goma sha biyu cikin awa ɗaya, takwas ba su da lasisin, biyu ba a ma gaya musu aikin dare ne ba. In zan zauna in tace da kaina, me nake biya? Akwai wata baiwar Allah guda da nake aiki da ita shekara huɗu. Ba ta taɓa turo mini fiye da mutum uku ba. Ta zo da ƙafarta ta ga siton, ta tsaya a wurin lodi ta ji sanyin da ake ciki, ta tambayi dalilin da ya sa na baya ya tafi. Wata rana ta ce mini kai tsaye, abin da kuke biya ba zai kawo mutumin da kuke kwatantawa ba, ko ku ƙara ko ku rage buri. Na ji haushi ranar, amma ita nake kira har gobe.

Anti Mai Haƙuri: Alhaji, ku ma ku riƙa ba da amsa. Mutum ya yi muku intabiyu, "bai dace ba" kawai kuke rubutowa, in ma kun rubuto. Me za ta gaya masa da wannan?

Manajan Sito: Wannan kam na amsa. Akwai biyu a akwatina yanzu haka da ban mayar ba.

Wucin Gadi: Duk kuna maganar masu aikin dindindin. Mu fa? Shekara biyu ina aiki a wuri ɗaya, tebur ɗaya da wanda aka ɗauka kai tsaye, amma takardar albashina sunan kamfanin da ya kawo ni ne a kai. Wata rana na ga takardar kuɗin da ake tura wa wurin da nake aiki, na ga abin da ake biya a kan kowace awa tawa, na ga abin da ke shigo mini. Ban yi barci ba ranar.

Dattijon Tebur: Na san wannan ciwon, kuma ba zan ce maka duk ratar halal ce a ko'ina ba, akwai masu zalunci. Sai dai ba duka ce riba ba. A cikinta ake biyan harajin da ke kan mai ɗaukar ma'aikaci, da inshora, da kuɗin hutu inda doka ta wajabta, da albashin masu haɗa takardun biya. Kuma mu muna biyanka ƙarshen sati ko ƙarshen wata, su kuwa sai bayan kwana 30 ko 60 suke biyanmu, wani lokaci sai an bi su. Ƙananan kamfanoni da yawa a nan suke karyewa, ga aiki a hannu amma ba kuɗin biyan mutane. Abin da ba ni da amsarsa mai daɗi shi ne shekara biyun. Asalin sana'ar don cike gurbi aka yi ta. Kamfanin Kelly ya fara a Ditroit ta Amurka a 1946 yana samar da masu aikin ofis na ɗan lokaci. Kamfanin Manpower kuma a 1948 wasu lauyoyi biyu a Milwoki suka kafa shi, bayan sun rasa mai buga musu takardar shari'a cikin gaggawa. Aikin 'yan kwanaki ke nan. Wanda ya shekara biyu a kujera ɗaya ba gurbi yake cikewa ba, kujerarsa ce.

Ɗalibin Shari'a: Shi ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2008 cewa a daidaita ma'aikacin da aka kawo ta hannun kamfani da wanda aka ɗauka kai tsaye a muhimman sharuɗɗan aiki, har da albashi. A Ingila ana samun wannan haƙƙi bayan sati 12 a aiki ɗaya. Ɗan uwa, ka duba dokar ƙasar da kake, sannan ka karanta kwantiraginka. Ka kuma tambayi wanda ya kawo ka ko akwai kuɗin da wurin aikinka zai biya su in ya mayar da kai na dindindin, don sau da yawa wannan ne ke riƙe mutum ba tare da ya sani ba.

Wucin Gadi: Ban taɓa sanin akwai wannan kuɗin ba. Zan tambaya gobe in sha Allah.

Mai Kwamfuta: Ni a ganina nan da 'yan shekaru duk wannan muhawara za ta wuce. Tun da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya fito a 2003 kowane kamfani yana iya ganin mutane da kansa, yanzu kuma manhaja tana tace CV dubu kafin ka ƙifta ido. Me ya rage wa dillali?

Anti Mai Haƙuri: Tacewa ba ita ce aikin ba. Kuma manhajar daga halinmu take koyo. A 2018 Reuters ta ba da labarin yadda Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace CV da ya gina, saboda an horar da ita da takardun shekara goma da yawancinsu na maza ne, sai ta koyi rage wa mata maki. Mu mutane ma ba mu tsira ba. Akwai binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004: sun aika CV kusan 5,000 ga masu tallan aiki a Boston da Shikago, suna canja sunaye kawai, sai masu sunan da ya yi kama da na fararen fata suka fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Wanda ke zaune a tsakiya shi ne zai iya buɗe ƙofar ko ya ƙara mata sakata.

Sabuwar Hannu: Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A wata na uku wani kwastoma ya ce mini a waya, ba a rubuce ba, kada in turo masa matar da ta yi sabon aure don za ta tafi haihuwa, kuma kada a wuce shekara 35. Na rubuta a littafina kamar sauran sharuɗɗa. Sai da na buɗe CV ɗin wata mata da ta fi kowa cancanta, na ga shekarar da ta gama makaranta, na ji hannuna yana lissafin shekarunta da kansa. Na rufe na je wurin ogana. Ya ce in tura ta, in kwastoman ya ƙi ya faɗi dalili a rubuce. Na tura. Bai ɗauke ta ba, kuma bai sake ba mu aiki ba. A wancan watan ban kai adadin da aka gindaya mini ba.

Dattijon Tebur: Ki riƙe wannan ogan naki da kyau, ba kowa ke samun irinsa ba. Yanzu mu koma kan na yau. Wa ya zo na biyu a intabiyun?

Sabuwar Hannu: Wata mata ce. Manajar ta ce da ƙyar suka zaɓa tsakaninsu.

Dattijon Tebur: Me kika gaya mata lokacin da aka zaɓi wancan?

Sabuwar Hannu: Yaya, ban gaya mata komai ba. Na ce bari in jira ya fara tukuna, kada in rufe ƙofa. Sati uku ke nan. Ta turo saƙo sau biyu, na karanta ban mayar ba. Tun da Ɗan Jira ya yi magana nake kallon sunanta a wayata.

Ɗan Jira: Ki kira ta. Kada ki ce kin yi tafiya ko wayarki ta lalace, mun san duk waɗannan. Ki ce an zaɓi wani, kin yi shiru ba daidai ba ne, yanzu kujerar ta dawo. Ni da za a kira ni a faɗa mini haka, ko bayan wata taran nan, zan saurara.

Anti Mai Haƙuri: Amma ki fara da manajar, 'yata. Ki tabbata har yanzu suna son ta kuma kujerar tana nan, kada ki ɗaga wa baiwar Allah rai karo na biyu a banza. Akantan kuma ki mayar masa da saƙo mai kyau. Ba mamaki nan da wata shida abin da ya kore shi tun farko ya dawo, kuma ke zai tuna.

Sabuwar Hannu: Na dawo. Na kira manajar, ta yi faɗa sosai, na saurara har ta gama. Ta ce in matar tana nan a kawo ta ranar Alhamis ta gana da shugaban sashe. Sai na kira ta. Da na faɗi sunana ta yi shiru, sannan ta ce, "Sai yau?" Na faɗa mata komai yadda Ɗan Jira ya ce, har da cewa ita ce ta biyu. Ta ce tana da wani intabiyu ranar Laraba a wani wuri da ta nema da kanta, kuma ba za ta fasa shi don ni ba. Na ce kada ta fasa. Ta ce za ta zo Alhamis ƙarfe goma, da sharaɗin duk abin da aka yanke ta ji daga bakina kafin Juma'a ta wuce.

Dattijon Tebur: Tambayar fa?

Sabuwar Hannu: Na yi. Ta ce ba kuɗi ne ya sa take son tashi ba, an haɗe sashensu da wani, aikin da ta iya an ba manhaja, ita kuma an mayar da ita shigar da lambobi. Ta ce ko sun ninka ba za ta zauna ba. Na rubuta a littafina in sake tambayarta ranar Alhamis da yamma, in kuma ji yadda na Larabar ya kasance.

Manajan Sito: Ni ma na mayar da amsar mutum biyun nan yanzu, da dalili a ƙarƙashin kowanne.

Ɗan Jira: Baiwar Allah, in kuna ɗaukar masu aikin sayen kaya da lissafin sito, zan turo miki CV ta akwatin sirri.

Sabuwar Hannu: Turo Malam. Yanzu ba ni da kujera irin taka a hannu, akanta da masu karɓar baƙi nake yi, amma abokin aikina yana riƙe da ɓangaren sito. Zan ba shi gobe da safe in ka yarda, kuma zan gaya maka abin da ya ce kafin a tashi.